OpenMPT: manhajar da ta bar kalangu ya yi magana

Wanda ya saba haɗa kiɗa da manhajar FL Studio, ranar da ya fara buɗe OpenMPT, wadda ita ma manhajar haɗa kiɗa ce, zai zaci Excel ya shiga. Layuka ne kawai ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ɗauke da haruffa da lambobi irin su C-5, masu nuna sautin da zai tashi. Tsarin tsoho ne, tun 1987 Karsten Obarski ya fito da shi a kwamfutar Amiga, lokacin da sauti huɗu kaɗai ke iya tashi tare. Ita OpenMPT daga ModPlug Tracker ta 1997 ta samo asali. Kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata da ke nishi in na ɗora mata manyan manhajoji tana jan ta ba gargada.

Kalangu ne ya sa na tsaya a kanta. Na naɗi bugu ɗaya tak da waya, na yanke shi, na loda. Kowa ya san daɗin kalangu yana wajen matse tsarkiya, inda murya ke hawa ta sauko. A tsarin IT, ɗaya daga cikin nau'o'in fayil ɗin da manhajar ke aiki da su, sai ka rubuta G da lamba a gefen sabon sautin, na baya ya zame zuwa gare shi a hankali ko da sauri, gwargwadon lambar da ka sa. E na saukar da murya, F na ɗaga ta. Da na daidaita su na kunna wa wani abokina makaɗi, sai da ya tambaye ni wa ya buga min. Da jin haka na san aiki ya yi.

Shafi yakan zo da layi 64, ana ƙirga huɗu-huɗu. Kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya, don haka nakan mai da shi 48, sai ya zauna daram.

Sai dai fa akwai wahala. Lambobin umarni ba irin na makaranta ba ne, bayan 9 sai A har zuwa F, kuma kafin kai ya saba sai ka yi gumi. Ba ta naɗar muryar mawaƙi. Dole in fitar da kiɗan a fayil ɗin sauti na WAV in kai manhajar naɗar sauti ta Audacity in ɗora waƙa a can. Mai situdiyon da mawaƙa ke layi a ƙofarsa, wannan zirga-zirgar za ta ci masa lokaci, gara ya zauna kan abin da ya saba. Ni da nake haɗa kiɗa ni kaɗai bayan isha'i, yanzu tambari nake nema in naɗa.