Gargaɗi ga mawaƙanmu na Jidda da Makka: kada ku ba kowa waƙarku ya ɗora muku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina riƙe da maganar nan saboda yaron da abin ya shafa kunya ta hana shi sakat, amma shekaranjiya ya ce mini, "Kawu, ka faɗa kawai, kada wani ya sake faɗawa." Mun samu labari mutumin da ya damfare shi da sunan ɗora masa waƙoƙi a intanet ya canja lamba, ya fara kutsawa zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu da ke Makka, musamman na wajen Shara Mansur.

Ina da ɗan sutudiyo a ɗakina nan Jidda, inda nake ɗaukar muryar masu bege da masu waƙar biki in na taso daga aiki. Yaron ɗan yayata ne, wankin mota yake yi, kuma Allah ya ba shi murya. Shekara guda muka yi muna haɗa waƙoƙi shida, sai dare ya raba muke farawa, mu kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙararta ta shiga makirfo, gumi na zuba yana maimaita baiti ɗaya sau goma. Wannan wahalar ce aka zo aka kwashe a cikin sati uku.

Ya saki guntun waƙa ɗaya a TikTok, ta ɗan zaga. Kwana biyu sai ga saƙo ta Instagram daga wani mai Hausa tsaf, yana ɗan surka ta da Larabci irin na mazauna nan, ya ce shi wakilin wani kamfanin tallata mawaƙa ne. Ya turo hotunan allon waya masu nuna dubban masu sauraro, ya ce duk aikinsa ne. Farashinsa: riyal 1,200, zai kawo sauraro 50,000 a Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ya sa waƙa a manyan jerin waƙoƙi, ɗorawa kuma kyauta. "Kai dai turo mini waƙoƙin da hoton bango, sauran aikin nawa ne, ƙanena." Kuɗin kuma aka ce a tura asusun wani mutum, sunan da ke kai daban da wanda ya faɗa. Yaro bai gaya mini ba, yana so ya ba ni mamaki.

Da farko abu ya yi kamar gaske. Waƙoƙi suka fito da sunansa da hotonsa, lamba ta fara hawa. Ya zo mini da waya a hannu yana rawar jiki, waƙa ɗaya ta haura 20,000. Na karɓa na duba shafinsa, sai gabana ya faɗi. Mabiyansa ba su kai talatin ba. A wurin da ake nuna garuruwan da aka fi sauraronsa babu Jidda, babu Kano, babu Yamai, babu Khartum, sai wasu garuruwan Turai. Waƙar Hausa zalla, ta yabon amarya da ango. Na ce masa, "Ɗana, wa ya san ka a can?" Ya yi shiru.

Abin da ake yi shi ne a saita tarin wayoyi da kwamfutoci su yi ta kunna waƙa dare da rana babu kunnen mutum ko ɗaya, tunda Spotify na ƙirga sauraro ne da zarar waƙa ta kai daƙiƙa 30. Kamfanin kuwa ya san wannan dabara, kuma farautarta yake yi. Tun 2024 yake cin tarar kamfanonin rarraba waƙa a kan duk waƙar da aka kama da sauraron bogi, su kuma su sauke waƙar ko su rufe asusun. Ba ƙaramar magana ba ce: a watan Satumbar 2024 aka gurfanar da wani mawaƙi a Amurka, Michael Smith, bisa zargin tara fiye da dala miliyan 10 ta irin wannan hanya. To wanda ya ce zai sayar maka da masu sauraro, da kuɗinka yake sayo maka laifi, kuma sunanka ne a kan waƙar, ba nasa ba.

Haka ta faru. Ranar wata Juma'a waƙar da ta haura 20,000 ɗin ta ɓace. Mutumin ya ce tara ce, a ƙaro riyal 800 a dawo da ita. Yaro ya ranto ya tura. Washegari aka toshe shi ta ko'ina.

Amma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Ku saurara da kyau, don nan ne mutanenmu da yawa ba su gane ba. Mawaƙi ba ya ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Duk kuɗin da waƙa ta samar, asusun da aka ɗora ta da shi yake shiga. Ba ruwan kamfani da wanda ya rera, mai imel da kalmar sirri shi suka sani. Wannan "ɗorawa kyauta" ita ce ainihin tarkon. Waƙoƙi biyar da suka rage suna nan har yanzu ana sauraronsu, mutanenmu na gaske ne ma ke ji, amma ko sisi ba zai zo hannun yaron nan ba.

Bai tsaya nan ba. Ya yi wa waƙoƙin rajista a tsarin YouTube da ake kira Content ID, wanda ke gano sauti ya danganta shi da wanda ya yi rajistarsa. Da yaron ya ɗora bidiyon waƙarsa a tasharsa, sai ga sanarwa wai sautin mallakar wani ne, kuɗin talla can zai tafi. Ina zaune kusa da shi ya karanta, ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ce, "Kawu, muryata ce fa." Ban samu abin ce masa ba a lokacin.

Abin takaicin, duk abin da aka karɓi riyal 2,000 a kansa abu ne da mutum zai yi da kansa cikin dare ɗaya. Kuɗin DistroKid na shekara guda, a tsari mafi sauƙi, bai kai riyal 120 ba. Audiomack, inda matasan Arewa suka fi yawa, kyauta ake ɗorawa. Shafin Spotify for Artists kyauta ne, kuma ta nan ake miƙa sabuwar waƙa ga masu tsara jerin waƙoƙin kamfanin, aƙalla kwana 7 kafin ta fito, ba a biyan ko sisi. Su da kansu sun hana a biya kuɗi don shiga jeri. Sannan ku sani, tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun komai a Spotify, kuma kuɗin da aka samu ma sai bayan wata biyu ko uku yake isowa. YouTube kuma yawanci sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da mai ita. A ganina, ɗan uwanmu da ke nan ya fi samun na cefane daga waƙar biki da ta suna da ake ba shi kwangila ta WhatsApp, intanet kuma ta zama allon tallarsa, har Allah ya kawo masu ji na gaske.

Na san dalilin da ya sa irin waɗannan mutane ke zaɓar mu. Sun san da yawanmu igama, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko babu ita gaba ɗaya, sun san mutum zai gwammace ya haɗiye asara da ya tunkari hukuma. Wasu kuma ba su da katin banki, dole sai sun nemi mai biya musu. In haka ne, nemi ɗan uwa amintacce ya biya da katinsa, amma imel ɗin ya zama naka, kalmar sirri a kanka, lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbatarwa ita ce a aljihunka. Wanda takardunsa ke daidai kuma aka cuce shi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ta manhajar Kollona Amn ta hukumar tsaron Saudiyya. Saƙon damfara da ya zo ta tes ana tura shi zuwa 330330.

Mu dai yanzu muna kan jayayya da da'awar da ya yi a YouTube, mun kuma rubuta wa kamfanin da aka ɗora waƙoƙin ta hannunsa. Abin da ya taimake mu shi ne ban taɓa goge komai ba: muryarsa tsura ba kiɗa, kiɗan shi kaɗai, amshin, kowanne da ranar da aka ɗauka, duk suna cikin kwamfutata. Ku ma ku adana naku.

Duk wanda aka yi wa irin wannan a Jidda, Makka, Madina ko Riyad, ya yi mini magana ta akwatin sirri, ya zo da rasidin tura kuɗi da hotunan hirarsu. Mun riga mun zama mu uku, kuma biyu daga ciki asusu ɗaya suka tura wa kuɗi.