Sharhi Kan Tanadin Masu Nakasa a Wani Filin Wasanni na Amurka

Duk wanda zai kai mai keken guragu babban filin wasanni, ya fara da neman littafin bayanin da filin ya tanadar wa masu nakasa kafin ya sayi tikiti. Da shi na tsara ziyarar da muka kai da ƙanwata, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana ƙarama, kuma a ganina ya fi duk sauran tanade-tanaden amfani.

Dalili shi ne, kai wa bakin lilo daban, hawansa daban. Dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka, ta shekarar 1990, ta sa hanyoyi da ƙofofi da banɗakuna sun wadatu, ƙa'idojin 2010 kuma suka wajabta wa sababbin kayan hawa su samar da gurbin keke, ko kujerar da za a iya komawa cikinta, ko na'urar da ke taimakawa wajen komawar. Littafin ya fayyace wanne ne wanne. Wasu jiragen ruwan wasa ana shiga da keken kai tsaye, amma kayan hawa masu gudun tsiya sai mutum ya bar kekensa, kuma ma'aikata ba su da izinin ɗaga kowa, nauyin yana kan ɗan rakiya. Da muka san haka tun daga gida, sai muka soke biyu daga cikin jerinmu ba tare da ɓacin rai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata ma'aikaciya da ta tsayar da dandamali mai tafiya da kansa da ake bi a hau wani lilo, ta buɗe gefen kujerar, sannan ta fuskanci ƙanwata ta tambaye ta ta wane ɓangare ta fi son shiga. Ita ta tambaya, ba ni ba, abin da mutane da yawa ba sa yi.

Inda suka gaza kuwa, hanyar masu keke zuwa wani lilo ta bi ta ƙofar fita ce, babu alama, babu inuwa, muka yi ta kutsawa cikin masu fitowa. Banɗakunan da ke ɗaukar mutum da mai taimaka masa ma sun yi nisa da juna ƙwarai.

Game da tsarin ba da lokacin dawowa maimakon tsayuwa a layi, kada a ɗauka keke kaɗai ya isa a samu, domin yawancin layukan suna da faɗin da keke zai bi. Sharuɗɗan ma suna sauyawa: kamfanin Disney mai filayen wasanni, alal misali, ya fito da nasa tsarin a 2013, sannan a 2024 ya taƙaita shi ga masu lalura irin ta galahanga (autism). Saboda haka a karanta sharuɗɗan filin da za a je a makon da ake shirin tafiya, ko da an taɓa zuwa a baya.