Sharhi kan aikin jijiyar gwiwa da aka yi mini

Jijiyar ACL ce ta tsinke mini a filin ƙwallo, wadda ke tsakiyar gwiwa tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Mai ɗori ba shi da ta cewa a nan, domin ƙashi lafiyarsa ƙalau, ita kuwa jijiyar in ta rabu biyu da wuya ta haɗe da kanta. Hoton MRI ya tabbatar, aka sa mini ranar tiyata a wani asibitin ƙashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan ya zana mini aikin a takarda tun kafin ranar. Za a ciro jijiya daga bayan cinyata a ninka ta, a huda rami a ƙashin ƙwauri, a huda wani a ƙashin cinya, a zura ta ciki. Duk rigimar a ramin sama take. A tsohuwar hanya, ta cikin ramin ƙwauri ake tura abin hudawa har ya taɓo ƙashin cinya, saboda haka ramin ƙasa ne ke yanke inda na sama zai faɗa, sabuwar jijiyar kuma takan tsaya a miƙe fiye da ta asali. Gwiwa za ta daina zamewa gaba, amma tana iya ci gaba da gocewa in mutum ya juya da sauri. Ni kuwa gocewar nan ce ta hana ni sakat.

Don haka likitan ya huda ramin sama ta wata 'yar kafa dabam a gefen gwiwa ta ciki, aka lanƙwashe ƙafar kamar digiri 120, ya ɗora ramin daidai gurbin da tsohuwar jijiyar take manne. Bai ɓoye mini aibin wannan hanya ba: ramin kan fito gajere, kuma in hannu ya kauce bangon bayan ƙashin na iya fashewa. Jin haka daga bakinsa ne ya sa na amince da shi.

Allurar baya aka yi mini, ina jin ƙarar injin amma babu zafi. Kaurin jijiyar ya kai milimita 8, wanda shi ake so. An maƙale ta da ɗan maɓallin ƙarfe a sama, aka ɗaure da ƙusa a ƙasa.

Inda suka gaza shi ne bayan tiyata. Ba wanda ya gaya mini fatar gefen ƙwauri za ta yi dundurus saboda wurin da aka ciro jijiyar, na kwana cikin fargaba a banza. Sashen gashin ƙashi kuma cunkushe yake, dole na nemi mai gashi a waje da kuɗina.

Yanzu ina hawa bene, ina durƙusawa a sallah, gwiwar ba ta sake gocewa ba. Ƙwallo dai likita ya ce kada in kusance ta kafin wata 9, kuma sai ƙarfin cinyoyin biyu ya kusa zuwa ɗaya. Mai shirin wannan aiki ya tambayi likitansa ta ina zai huda ramin cinya, kuma wace hanya hannunsa ya fi sabawa da ita.