Wata takwas da ɗaga tsohuwar Land Cruiser ɗina: abin da na gani

Bara bayan Sallar layya na sayi tsohuwar Land Cruiser 105, irin fararen nan na fureje masu injin 1HZ. Sana'ata sayen wake da aya da awaki a kasuwannin ƙauye, daga Sabon Mashi zuwa Kornaka, Dakoro har Bermo, kuma wanda ya san wannan yanki ya san kwalta takan ƙare tun kafin ka isa inda za ka. Motar ta zo mini da matsala biyu. Bayanta ya zauna, da na ɗora buhu shida sai ta riƙa dukan ƙasa a kowane rami. Injin kuma yana wata ƙara da ta hana ni sukuni. Wannan sharhi a kan aikin da aka yi mata ne a wani gareji nan cikin Maraɗi, da kuma resor (ƙarafan da ke ɗauke da nauyin jikin mota) da amortisar (masu rage mata girgiza) da na sa don ɗaga ta santimita 5.

Makaniken farko da na kai wa bai yi minti biyar yana saurare ba ya ce kusine ne, wato ƴan ƙarafan ƙasan injin da babban sandansa ke juyawa a kansu, sai an sauke injin. Kuɗin da ya faɗa ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar. Wani direban Dakoro ne ya ce in dakata, ya raka ni wajen wani dattijo da ya daɗe a kan injinan gazuwal. Abin da ya fara ce mini shi ne: "Alhaji, bar ta ta kwana nan, da sanyin safe nake son in ji ta." Na yi tsammanin jan rai ne. Ashe a nan aikin yake.

Da safe ya tayar da ita ina tsaye, ya ce ƙarar ba ɗaya ba ce, uku ce suka haɗu. Ta farko wani cak-cak-cak ne mai sauri da ke raguwa idan injin ya yi zafi. Ya haska tocila gefen da hayaƙi ke fita, ya nuna mini baƙin kunkunniya a bakin silinda ta shida: ƙusa ɗaya ta karye, hayaƙi na tsira ta wajen. Ƙarfe idan ya yi zafi yakan buɗe ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar ke ɓacewa bayan ƴan mintoci. Ta biyu wani kuka ne siriri daga gaba. Ya cire bel ɗin fanka da na dinamo, ya tayar da injin na ɗan lokaci kaɗan, kukan bai daina ba. Ya ɗora kan doguwar sukurdireba a kan murfin gaba, ƙotar a kunnensa, ya ce ƙarar daga ciki take, daga ƴar tayar da ke riƙe bel ɗin taimin. Wannan ita ta fi tayar mini da hankali bayan ya yi bayani, domin a 1HZ idan bel ɗin nan ya tsinke kana tafiya, supap da fistan karo suke yi. Ba ni da wata takarda da ke nuna ranar da aka canza shi, saboda haka muka canza bel da ƴar tayar gaba ɗaya.

Ta ukun ita ce bugun da aka ce mini kusine ne. Baba bai musa ba, bai kuma yarda ba. Ya ɗaura agogon gwajin ƙarfin mai, injin da zafinsa, ya ga allura tana inda ya kamata. Ya tsiyaye man a faranti mai tsabta, ya fasa filta ya duba, babu ƙyalƙyalin ƙarfe. Sannan ya bi bututun anjekta shida ɗaya bayan ɗaya yana sassauta noti. Da ya kai na huɗu bugun ya yi shiru. Ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ce, don kusine ma yakan yi shiru idan an hana silindarsa wuta. Sai ya musanya anjekta ta huɗu da ta biyu, bugun ya bi ta ya koma silinda ta biyu. A na'urar gwaji kuwa maimakon ta fesa gazuwal kamar hazo, ɗiga take yi. An canza bakunan duka shida, aka daidaita su. Ya kuma kwance ƙasan filtar gazuwal ya nuna mini ruwan da ya taru, ya ce in rage sayen na jarka a bakin hanya. Gaskiyarsa ce, ko da yake wani lokaci a Bermo ba ka da zaɓi.

A ɓangaren injin ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Kwana huɗu aka yi, ba a buɗe ƙasan injin ba, abin da na biya bai kai rabin kuɗin da aka fara faɗa mini ba.

Ɗagawar ce ta zo da darasi. Na sa aka kawo mini resor huɗu da amortisar huɗu daga Kano, na zaɓi masu ƙarfi a baya saboda kaya. Baba ya ce akwai ƙananan abubuwa da ya kamata su zo tare, ni kuma kasuwar Dakoro na jira na, na ce a ɗaura haka nan. Laifina ne. Da na hau kwalta na kai 80, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannuna, motar tana yawo dama da hagu, in na fito daga kwana ba ta komawa tsakiya da kanta. Dalilin shi ne aksul ɗin gaban 105 a kan hannuwa biyu dogaye yake. Idan jiki ya ɗagu, hannuwan suna sunkuyawa, aksul ya ɗan juya, kwanciyar da ke sa tayoyi su miƙe da kansu ta ragu. Maganinsa wasu robobi ne masu rami a gefe da ake matsawa cikin hannuwan, su mayar da kusan digiri 2. Da aka sa su sitiyarin ya dawo hayyacinsa.

Sai birki, wanda shi ne nake roƙon duk mai irin motar nan kada ya yi wasa da shi. A baya akwai wani bawul da sanda ta haɗa da aksul, aikinsa auna nauyin kaya: mota ta zauna ya ƙara wa tayoyin baya birki, ta ɗagu ya rage. Idan ka ɗaga ta ba ka gyara sandar ba, kullum bawul ɗin gani yake motar wayam take ko da buhu goma a ciki. Na gane haka ne ranar da shanu suka ratsa mini hanya kusa da Tibiri, na taka birki gaba ya nutse, baya bai kama yadda na saba ba. Allah Ya kiyaye. Ɗan guntun ƙarfe ne aka ƙara aka daidaita, aikin da bai kai awa ɗaya ba. A ranar Baba ya ɗaga motar har tayoyi suka yi reto, ya duba ko tiyon birki na miƙewa fiye da kima, ya kuma sauke ta ƙasa kafin ya ɗaure notocin robobin, don in an ɗaure su tana sama ba sa daɗewa suke yagewa.

To, ɗagawar ta biya? A wajena ta biya. Da kaya cike motar tana tsaye daidai, bayanta ya daina dukan ƙasa, a gargada kuma amortisar ɗin ba sa sakin jiki ko bayan doguwar tafiya da rana tsaka. Gangarawa cikin Gulbin Kaba da haurowa, bamba ta baya ba ta ƙara shafar ƙasa ba. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa za ka daina kafewa a rairayi. Resor jiki yake ɗagawa, tulun tsakiyar aksul yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara noma yashi a sawun manyan motoci. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma in ta fi taka tsayi da santimita 3, ɗaya da rabi ka samu. Abin da ke fitar da ni har yanzu shi ne rage iskar taya da shiga giyar ƙarfi tun kafin in nutse.

Abubuwa biyu ba su yi mini daɗi ba. In babu kaya bayan yana da tauri sosai, masu zama a can suna jin kowane tsakuwa, da na sani matsakaita zan ɗauka. Kuma da kaya a bisa rufi tana ƙara karkata a kwana, dole ka sassauta. Mahaifiyata ma hawa ya yi mata wuya, sai da na sa aka walda mata matakala. Wanda yawonsa bai wuce cikin gari da hanyar Yamai ba, ya sa sabbin resor daidai tsayin asali ya huta. Ni dai yanzu mai ya fara tsattsafowa a ƙwallon aksul na hagu, Baba ya ce in kawo ta ranar Asabar kafin damina ta sauka.