Bitar ƙananan ƙungiyoyi da muka je: ajin lissafi ya biya, aikin rajista ya ci mana azumi

Tun watan Nuwamban 2024 da muka je bitar nan ake tambayata ko ta kai kuɗin da ake biya, ni kuma ina ta jan ƙafa, don na fi so in ga ƙarshen aikin rajistarmu kafin in ce uffan. Yanzu takarda ta fito, zan iya magana. Ba zan kama sunan cibiyar ba. Duk mai harkar ƙungiya a Kano ya san irinsu, ya kuma san abin da suke karɓa a kan kowane mutum. Mu uku muka je: ni sakatare, da shugabanmu da muke kira Baba Alhaji, da Hajiya ma'aji.

Ƙungiyarmu ta unguwa ce, a yankin Kurna, marayu da zawarawa muke kula da su. Karo-karo muke yi duk wata. In azumi ya matso mu je Dawanau mu auno gero, mu ɗauko sukari a Singa, in da saura mu shiga Kantin Kwari mu yanko wa yara yadin sallah. Shekara da shekaru haka muke yi da takardar ƙaramar hukuma kawai. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, karo-karon ya daina kai mu ko'ina. Ana cikin haka wani ɗan unguwa da ke aiki a Ingila ya ce shi da abokansa za su sa hannu a rabon azumi, da sharaɗin asusun da za su tura wa ya zama da sunan ƙungiya. Muka je banki da murnarmu, aka ce sai mun kawo takardar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da lambar haraji ta TIN, da takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram. Wannan ta ƙarshen ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Abin da ya kai mu bita ke nan.

Ranar farko ba ta yi mini ba ko kaɗan. A tallarsu sun ce da Hausa da Turanci za a yi, amma matashin da ya tsaya a gaban majigi Turanci ya yi ta zubawa tun safe har azahar, a kan yadda ake rubuta wa manyan masu ba da tallafi na ƙasashen waje takardar neman kuɗi. Hajiya na gefena ta naɗe hannu, biron da aka ba ta ko buɗe shi ba ta yi ba. Takardun da aka raba ma babu ko shafi ɗaya na Hausa. A adaidaita sahu muna komawa gida Baba Alhaji ya ce shi gobe kasuwa zai tafi. Da ƙyar na roƙe shi, tunda an ce kowace ƙungiya ta zo da littafin kuɗinta a rana ta biyu.

To wannan rana ta biyun ita ce dalilin wannan rubutu. Wata malama ce akanta, mai matsakaicin shekaru, ta shigo babu majigi babu kwamfuta, sai rula da jan biro. Da Hausa ta yi sallama, da Hausa ta ƙare. Ta ce kowa ya ajiye littafinsa a kan tebur, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Namu littafin 'yan makaranta ne mai shuɗin bango, wanda gefensa ya sha manja saboda a kicin Hajiya take ajiye shi. Ta ja kujera ta zauna, ta buɗe, tana bin layi da yatsa.

Tambayarta ta farko ita ce ina kuɗin suke kwana. Baba Alhaji ya ce a asusunsa. Ta ce wanda yake harkar shagonsa da shi? Ya ce shi. Sai ta rage murya yadda teburin kusa ba zai ji ba, ta ce: "Baba, Allah Ya ja kwana. Amma rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance yau, kuɗin marayun nan cikin gado zai faɗa, kuma babu takardar da sakatarenku zai nuna wa magada ya ce wannan ba naku ba ne." Baba Alhaji ya cire hula ya shafa kai, ya yi shiru har na fara tsoron ransa ya ɓaci. Can ya ce, "'Yata, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba." Mutum ne mai amana, ba wanda ya taɓa zarginsa, shi ya sa ma babu wanda ya taɓa faɗa masa.

Daga nan ta gangaro kan wani abu da ya daɗe yana cin mu a ƙungiya. A lissafin azumin da ya gabata akwai giɓi tsakanin abin da ya shigo da abin da aka rubuta an kashe. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma a unguwa ƙaramin giɓi ya isa a fara ƙus-ƙus, kuma Hajiya ake kallo. Ta san ana yi da ita. Sau biyu tana kawo mini littafin ta ce in nemi wata. Malamar ta tambaye ta, "Hajiya, ranar da kuka je Dawanau, wa ya biya 'yan dako?" Hajiya ta ce ita. An rubuta? A'a. Motar da ta kawo buhunan fa? Ledojin da aka ƙulla sukari? Mai awo da ya zo ya raba da kwano? Kuɗin da mai POS ya cire da aka ciro kuɗin? Duk wanda Hajiya ta tuna sai malamar ta rubuta da jan biro a gefe. Ta ce Baba ya buɗo saƙonnin banki a wayarsa, ta tsinto 'yan cire-ciren da banki ke yi a kan kowace taransifa. Da ta haɗa, abin da ya rage bai kai kuɗin kwanon gero ɗaya ba. Hajiya ta ja gefen hijabi ta rufe fuska. Ni kaina sai da na kau da kai, don ina cikin waɗanda suka yi shiru lokacin da ake maganar, kuma shirun nan har yau yana damuna.

An tashi cin abinci, ita ba ta tashi ba. Ta juya sabon shafi ta ja mana layuka shida da rula: kwanan wata, daga wa ko ga wa, dalili, shiga, fita, saura. Ta ce mai hatsi a kasuwa ba zai ba ku rasit ba, don haka ku riƙa tafiya da taku takardar, ku rubuta abin da aka saya da nawa, ya sa hannu ko ya dangwala, ku ɗauki lambar wayarsa. Wanda ya riƙe kuɗi kada ya zama shi ne mai cefane. In an buɗe asusu, mutum uku su zama masu sa hannu, kuma kuɗi kada ya fita sai biyu sun sa. Sannan ta lura muna zuba zakka da sadaka a wuri ɗaya, har mun taɓa sayen bencina daga ciki. Ta tuna mana cewa zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ta ce a ware mata shafinta daban, sauran bayani kuma mu koma wa limaminmu. Ta ƙara da cewa mu daina ɗaukar fuskokin marayu a hoto muna sawa a Facebook, hoton buhuna da takardar sa hannun iyayensu mata ya ishi duk mai son shaida. Wannan ma ya shige ni, don ni ne mai ɗaukar hoton.

Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya je ko da rance ne. Har na faɗa wa ƙungiyoyi biyu na makwabta haka a daren.

Rana ta uku aka yi maganar rajista, kuma gaskiya mai bayanin ya san aikinsa. Ya ce irinmu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 muke, a sashen amintattu, wato mutanen da ake yi wa ƙungiya rajista da sunansu. Ana fara neman amincewa da suna, a rubuta kundin tsarin mulki, a kawo bayanin taron da aka zaɓi amintattu, kowannensu da lambar NIN. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Da ya gama sai ya ce cibiyar tana yi wa ƙungiyoyi aikin gaba ɗaya, har da SCUML, in an biya. Bayan abin da muka gani jiya, wa zai yi musu? A take Baba Alhaji ya tura kuɗin. Na faɗa wa jami'in da bakina cewa azumi muke kora, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, kafin sabuwar shekara komai ya kammala."

Disamba ta wuce shiru. In na kira a ce yana taro, in na tura saƙo a karanta a ƙi amsawa. Sai tsakiyar Janairu aka turo mini hoton sanarwar a jarida, ina dubawa gabana ya faɗi. Sunan Hajiya babu shi a jerin amintattu sam, na Baba Alhaji kuma an rubuta shi ba yadda yake a katinsa na NIN ba, alhali kwafin katin kowa yana hannunsu. Na kira a ranar na nuna musu, aka ce ba komai, zai wuce. Muka ƙirga kwana 28 cif, bai wuce ba, aka dawo da takardun a gyara. Da na je ofishin, jami'in nan ya dube ni ya ce sai mun sake biyan kuɗin jarida, wai kuskuren daga wurin masu bugawa ne. Na ce ya nuna mini rubutun da suka aika wa jaridar, ya ce wanda ya aika ba ya nan. Ko "yi haƙuri" ban samu ba. Muka biya, don ba yadda muka iya, aka sake ƙirga wasu kwana 28.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, 2025, ba mu da takarda, ba mu da asusu. Ɗan unguwarmu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya turo nasa ta hannun ƙaninsa aka sayo gero, amma abokansa sun riga sun ce sai asusun ƙungiya, suka kai nasu wani wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Mun riga mun ƙara gidaje a jerin rabo saboda alƙawarin nan. Ni aka wakilta in bi gidajen da aka ƙara in ba su haƙuri. Akwai wata tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu da ta ce mini, "Ba komai ɗana, Allah Ya sa da rabo a baɗi," ta kuma kawo mini ruwa. Duk lokacin da na tuna ajin lissafi na ji ina son yabon cibiyar nan, sai ƙofar gidan tsohuwar nan ta faɗo mini a rai.

Kuma ashe rajistar SCUML kyauta ce. Sashe ne a ƙarƙashin hukumar EFCC, ta intanet ake cikewa. Ban sani ba sai da takardar CAC ta fito bayan ƙaramar sallah, aka sake yin shiru da mu, na gaji na kira malamar akanta, wadda ta ba mu lambarta tun ranar bita. Ashe ita ba ma'aikaciyarsu ba ce, ɗaukar ta suke yi in za a yi aji. Ta tsaya a waya bayan isha'i tana faɗa mini abin da zan loda da inda zan danna har na gama, ba ta karɓi ko kati ba. Ban ce kada mutum ya karɓi ladan wahalarsa ba, amma a faɗa mini ladan aiki nake biya, kada a bar ni ina zaton kuɗin hukuma ne, balle a karɓa kuma a ƙi yin aikin.

Labaran tallafi da suke turowa a WhatsApp duk mako, waɗanda aka ce suna cikin kuɗin bita, ba su tsinana mana komai ba. Yawanci sai saura kwana biyu ko uku a rufe suke zuwa, da Turanci, kuma ana neman rahoton mai binciken kuɗi na shekarun baya, abin da ƙungiyar unguwa ba ta da shi. Saƙo ɗaya ne ya amfane ni, wanda ya tuna mana cewa amintattu suna kai wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi rajista. Na rubuta shi a bangon littafi.

Masu tambayata ga amsar da nake ba su yanzu. Ku fara tambaya ko malamar lissafin ce za ta ɗauki ajin, in ita ce ku je, ku tafi da littafinku komai muninsa, ku tafi da ma'aji, kada ku tura sakatare shi kaɗai don ya iya Turanci. Rajista kuwa kada ku damƙa musu. Ku nemi lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi, wanda wani naku ya taɓa gwadawa, kuma kada a kai komai jarida sai kun gani da idonku, kun gwada kowane suna da katin mai shi harafi bayan harafi.

Asusunmu ya buɗu, Hajiya na cikin masu sa hannu, kuma ita ke karanto lissafi a taron wata, layi bayan layi. Kuɗin jarida na biyu kuwa har yanzu ina bin su, don kuɗin marayu ne. Na rubuta musu takarda sau biyu ba amsa, ta uku tana cikin jakata, Baba Alhaji ya sa hannu, ranar Litinin zan kai da kaina.