Shekara guda ina aiki da rumbun PhysioNet

PhysioNet rumbu ne a intanet da ake ajiye bayanan lafiya domin masu bincike. Ranar da na fara buɗe MIMIC-III, ɗaya daga cikin tarin bayanan majinyata da ke cikinsa, na ci karo da wata majinyaciya da aka kwantar a shekarar 2150 da wani abu, shekarunta kuma wai 300. Na ɗauka kuskure ne. Ashe da gangan aka yi. Ana tura ranakun kowane majinyaci gaba, zuwa tsakanin 2100 da 2200, amma tazarar da ke tsakanin kwanciya, gwaji da sallama tana nan yadda take. Wanda ya haura 89 kuwa sai a ɓoye ainihin shekarunsa, domin irinsu ba su da yawa, ana iya gane su. Suna, lambar waya da adireshi duk an goge, kamar yadda HIPAA, dokar Amurka da ke kare sirrin bayanan majinyata, ta tanada. A nan hankalina ya kwanta.

Ni likita ce, ina bincike kan gubar da ƙwayoyin cuta ke sa wa jini a ɗakin kulawa ta musamman. Asibiti ɗaya ba ya tara majinyatan da irin wannan tambaya ke bukata. MIMIC-III ya ba ni mutum sama da 40,000 daga asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston, daga 2001 zuwa 2012: bugun zuciya awa bayan awa, sakamakon gwajin jini, magunguna, har da rubutun ma'aikatan jinya. Sai eICU, wani tarin bayanan a wannan rumbun, wanda ya fi burge ni, domin asibitoci 208 ne aka haɗa bayanansu na 2014 da 2015. Nan za ka ga ciwo ɗaya, amma kowane asibiti da yadda yake tunkararsa.

Samun bayanan nan kyauta ne, sai dai ba a buɗe suke ga kowa ba. Sai ka yi kwas kan haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu, ka sa hannu cewa ba za ka nemi gano kowa ba, ba kuma za ka miƙa wa wani ba. Na yi hakan da zuciya ɗaya; amana ce ta mutanen da ba su san ni ba, wasunsu ma ba su fita da rai ba.

Mai shirin shiga ya fara koyon SQL, harshen kwamfuta da ake zaƙulo bayanai da shi, domin bayanan teburori ne masu miliyoyin layuka. Ya kuma riƙe cewa majinyatan Amurka ne duka, don haka abin da na gano sai na sake gwada shi a kan wasu al'ummomin kafin in ba wani likita shawara da shi.