Na biya kuɗi na je aikin harawa a wani gandun kiwo na Oregon, ga yadda na ga wurin

Jama'a da yawa sun tambaye ni ko zuwan nan ya ci kuɗinsa, to bari in amsa gaba ɗaya a wuri guda. Eh ya ci, amma fa ba ga kowa ba, kuma ya danganta da watan da ka zaɓa. Wurin gandun kiwon shanu ne na wasu iyali a kudu da garin Burns, cikin gundumar Harney a gabashin jihar Oregon ta Amurka, suna karɓar baƙi 'yan kaɗan a lokacin zafi, ka biya kuɗin ɗaki da abinci sannan ka shiga cikin aikinsu na yau da kullum. Ban sa sunan gandun ba saboda sunan gidansu ne, kuma akwai irinsa da dama a yankin, kusan tsari ɗaya suke bi.

Da farko ka san inda zaka. Mutane in sun ji Oregon sai su tuno daji kore da ruwan sama na wajen Portland, to wannan ɓangaren daban ne kwata-kwata. Hamada ce amma a kan tudu, Burns kanta tana sama da mita 1,200 daga teku, ruwan da ke sauka a shekara bai wuce milimita 280 ba, shi ma mai yawa daga ciki dusar ƙanƙara ce. Gundumar ta fi murabba'in mil 10,000 amma mutanen cikinta wajen 7,500 ne kawai, shanu sun ninka mutane nesa ba kusa ba. Duk inda ka duba wani ɗan tsiro ne mai toka-toka dangin tazargade, in aka ɗan yi yayyafi ƙamshinsa ya cika ko'ina. Daga Boise, babban birnin jihar Idaho mai maƙwabtaka, na taho a mota ta babbar hanya mai lamba 20, tafiyar ta haura awa uku, kuma agogon Burns yana bayan na Boise da awa ɗaya, a kula da wannan in an yi alkawarin lokacin isowa.

Ni a watan Yuli naje, kuma nan ne ƙorafina na farko yake. Hotunan tallarsu duk dawakai ne da mutane masu malafa suna kora shanu, wanda ya gani zai ɗauka kullum a kan sirdi zai wuni. Amma a Yuli shanun ma basa gida, suna can kan tudu a filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, an kai su tun wajen Afrilu ko Mayu sai kaka za a dawo da su. Hawan doki sai jefi-jefi, in za a je duba kwamin ruwa ko kai musu gishiri, shi ma wani lokacin babur mai ƙafa huɗu ake hawa don ya fi sauri. Ya kamata su rubuta wannan ƙarara tun kafin mutum ya tura kuɗi, akwai wasu baƙi mata da miji da muka haɗu waɗanda don doki kawai suka zo, na ga ransu bai so ba kuma gaskiyarsu ne.

Ni kam hakan ya min daidai, don abin da na tarar shi ne ainihin ginshiƙin gidan, wato harawa. Maigidan dattijo ne mara yawan magana, ya zaunar da ni ya min lissafin a bayan wata takarda. Lokacin sanyi ƙasa na daskarewa, ƙanƙara ta rufe ciyawa, wata huɗu zuwa biyar sai abin da ka zuba wa saniya zata ci, kowace ɗaya tana cin kilo 12 zuwa 14 a rana, kenan kafin sanyi ya wuce ta tashi da kusan tan biyu, kuma a ƙarshen sanyin ne suke haihuwa lokacin da suka fi buƙatar abinci mai kyau. To ka ninka wannan da ɗaruruwan shanu. Duk yawan garken da mutum zai iya riƙewa yana rataye ne a kan yawan damin da ya tara a watannin zafi, in ya gaza ko dai ya sayi harawa da tsada ko ya sayar da shanun da ya shekara goma yana gyara irinsu. Sanyin kuwa ba na wasa ba ne, a garin Seneca da ke arewa da Burns kaɗan an taɓa auna digiri 48 ƙasa da sifiri a 1933.

Gonakin nasu iri biyu ne. Akwai fadamu na ciyawar asali waɗanda ba shuka su ake ba, in ƙanƙarar kan duwatsu ta narke sai ruwan ya gangaro ta koguna irin su Silvies da Donner und Blitzen mai fitowa daga dutsen Steens, a tare shi da katako da tamfol a bakin lambatu a baza shi cikin fadamar, in ta sha ta ƙoshi a janye ruwan a bari ƙasa ta tsane sannan a yanka, sau ɗaya tak a shekara. Sannan akwai gonar alfalfa, wata ciyawar dabbobi dangin wake, wadda ake shayarwa da dogon bututun nan mai tayoyi da ke zagaye rijiyar burtsatse, irin wanda in kana jirgi zaka ga da'ira koraye a ƙasa, wani manomi Frank Zybach ne ya ƙirƙiro shi ya samu rajistarsa a 1952. Guda ɗaya yana shayar da wajen eka 125 zuwa 130, kuma a wannan tsayin galibi yanka uku ake samu kafin sanyi ya tsayar da ita.

Aikin kansa shi ne abin da ba zan manta ba. Inji na farko ya yanka ya jera ta layi-layi, a barta ta sha iska 'yan kwanaki, sai a bi da manjagarar tarakta a juya a haɗa layi biyu ya zama ɗaya, sannan injin ɗaure dami ya biyo. Ni manjagara aka bani bayan ɗan maigidan ya zauna kusa da ni ya ga hannuna ya faɗa, injin dami kuwa ba a bai wa baƙo kuma ban ga laifinsu ba, kuɗinsa ba kaɗan ba ne kuma in ya lalace a tsakiyar aiki an shiga uku. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin ɗaurin alfalfa. Da rana ba a taɓa ta, iskar wurin ta bushe da yawa, sai tsakar dare ko gab da asuba in raɓa ta ɗan sauka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar harawar wake da ta bushe ƙayau ya san yadda ganyen ke kakkaɓewa ya bar ka da kara zalla, alhali amfanin yana cikin ganyen, to haka alfalfa take. In kuma raɓar ta yi yawa an shiga wata matsalar, damin da aka ɗaure da danshi yana yin zafi daga ciki, ya yi fumfuna, wani ma har ya kama wuta da kansa ya cinye rumbun gaba ɗaya. Shi yasa zaka ga dattijon nan ƙarfe biyun dare ya sauko daga mota da tocila, ya ɗebo ciyawar ya murɗa a hannu ya shinshina, sannan ya caka ma'aunin danshi cikin dami, manyan damin nan masu fin rabin tan so ake danshinsu ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100. Wani daren mun fita mun jira har gari ya waye raɓar bata zo ba, haka muka koma ba a ɗaure ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi tsaki, an saba. Wallahi ganin wannan haƙurin kaɗai ya biya ni.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, bayanin kariya ya yi kaɗan. Su a cikin injinan suka tashi, sun manta baƙo bai san komai ba. Akwai sandar ƙarfe mai juyawa da ke haɗa tarakta da injin baya, in ta kama bakin riga ko hannun riga babu mai ƙwatar ka, amma sai da na riga na fara zagaya injin sannan wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya nuna min. Wannan magana ce ta ranar farko kafin a bar kowa ya fita fili. Na faɗa wa uwargidan kafin in tafi, ta karɓa da kyau tace za su gyara. Wanda zai je ya bar manyan kaya masu faɗi a ɗaki, wando da riga masu kama jiki da takalmi mai rufe idon sawu, akwai macizai masu ƙararrawa a jela.

Maganar ruwa ce ta fi tsaya min a rai, kuma na yaba da basu ɓoye ta ba don su burge baƙo. A can ruwa da takarda ake shansa, dokar jihar tun 1909 tana bin wanda ya riga yin rajista, in shekara ta yi fari mai tsohuwar takarda zai sha ya ƙoshi kafin na bayansa ya samu ɗigo. Na ƙarƙashin ƙasa kuma an ja shi fiye da yadda yake komawa, saboda yawan gonakin alfalfa da aka buɗe, a wasu wurare ya sauka fiye da mita 30, rijiyoyin gidaje na ta ƙafewa, har a 2016 jihar ta kafa ƙa'idar da ta rufe ba da sabon izinin haƙa rijiyar ban-ruwa a yawancin kwarin Harney. Maigidan da ɗansa ma basu yarda da juna ba a kan wannan, a gabana suka yi ta gardama wajen cin abincin dare, ɗan yana so a ƙara alfalfa don ita ke kawo kuɗi a hannu, har ƙasashen waje irin su Japan ake kai harawar yammacin Amurka, uban kuma yana cewa fadama ce ta riƙe kakansa kuma ita zata riƙe jikansa. Ni ina bayan uban, koren da ake gani daga jirgi ruwa ne da ya daɗe ƙwarai yana taruwa a ƙasa, kuma maƙwabcin da rijiyar gidansa ta ƙafe ba shi ya ci ribar ba. Amma na fahimci yaron, bashin tarakta baya jiran kowa.

Sun kuma min bayanin kiwo a filin gwamnati, wanda ya samo asali daga dokar Taylor ta 1934, kana da takardar izini da ta faɗi yawan shanu da ranar shiga da ranar fita, a 2023 kuɗin dala 1.35 ne kan saniya da ɗanta a wata. Da na ce ai wannan kyauta ce sai suka ce in ƙara da gyaran shingen waya na mil da mil da jigilar ruwa da asarar gobara, a 2012 gobarar Long Draw a gundumar Malheur da ke maƙwabtaka ta cinye sama da eka 550,000. Duk da haka ni a ganina da arha. Zancen mutanen da suka mamaye gandun tsuntsaye na Malheur da bindigogi a farkon 2016 kuwa kar ka fara ɗauko shi, ya raba kan garin sosai, in sun so za su kawo shi da kansu.

Ɗaki babu laifi, na katako ne mai tsabta da ruwan zafi da bargo mai kauri, kuma zaka buƙaci bargon don da rana zafi na haura digiri 30 amma da dare sai ya faɗo ƙasa da 10. Sauro a bakin fadama kam sai addu'a, taho da maganin shafawa. Sabis na waya babu sai ka hau wani tudu, intanet a babban gida kawai yake.

Abinci ga Musulmi sai da shiri. Na sanar da su tun a waya bana cin alade kuma nama sai yankan Musulmi, amma safiyar farko an soya ƙwai a kaskon da aka soya naman alade, ba da mugunta ba, rashin sani ne. Da na yi bayani uwargidan ta ware min kasko na daban har na tafi, tana min ƙwai da dankali da wake da burodin da take gasawa da kanta, wata rana har da kifi. Shawarata ka sayi namanka a shagunan halal na Boise ka zuba a kula da ƙanƙara, ka riƙo yajinka. Sallah ba wanda ya hana ni, in lokaci ya yi a gona na kashe tarakta na yi abata, yaron ma har ya riƙa tuna min. Sai dai ranakun zafi dogaye ne, rana bata faɗuwa sai bayan takwas da rabi, isha ta kai goma da wani abu, asuba kuma tun kafin huɗu, in ka haɗa da fitar dare barci zai yi maka ƙaranci, ka rama da azahar kamar yadda su ma suke yi. Juma'a kuwa sai dai Boise.

In maki ne na basu huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda maganar kariya da hotunan talla. Ɗalibin aikin gona ko likitan dabbobi ko mai sha'awar kiwo da gaske ya je daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Mai son doki da igiya ya nemi Afrilu ko Mayu lokacin da ake yi wa maruƙa lalas, ko Oktoba lokacin da ake sauko da garke a yaye maruƙa a loda su a tirela. Kafin ka biya ka kira su a waya ka tambaya ƙarara wane aiki ake yi a makon da zaka zo da kuma wane inji za a bar ka ka taɓa. Ranar hutu ka roƙa a nuna maka hanyar zagayayyen bargan da wani babban makiyayi Peter French ya gina a shekarun 1880, inda a da ake horar da dawakai lokacin sanyi, yana nan tsaye har yanzu kuma shiga kyauta ne. Ka cika tanki a Burns kafin ka kama hanya mai lamba 205 zuwa kudu, gidajen mai a can tsakaninsu da nisa kuma suna rufewa da wuri.